Ƙwayar da ke kai wa sankara magani har gida

Duk uwar da ta haihu a asibiti a Parakou ko Djougou ta san allurar nan da ake yi wa jariri a hannu, mai barin ɗan tabo har girma. Ita ce BCG, rigakafin tarin fuka, kuma abin da ke cikinta ƙwayar bakteriya ce mai rai da aka karya lagonta. Wannan ƙwayar dai ita ake ɗurawa cikin mafitsarar mai sankarar mafitsara tun 1976, lokacin da likita Alvaro Morales ya gwada a Kanada. Tana tayar da garkuwar jiki, garkuwar kuma ta far wa ciwon.

Dabarar ta girmi Morales. A 1891 wani likitan fiɗa a New York, William Coley, ya riƙa yi wa masu ciwon daji allurar bakteriya. Wasu ƙarinsu ya motse, wasu kuma ƙwayar ce ta kashe su.

Masana na yanzu sun koma ga bakteriya marasa cutarwa, irin masu zama a hanji. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi ɗauka ita ce E. coli Nissle, da Alfred Nissle ya samo a 1917 daga wani sojan Jamus wanda gudawa ta kayar da abokansa, shi ta ƙyale shi. Me ya sa bakteriya? Saboda tsakiyar ƙari wuri ne mai ƙarancin iska, jini ba ya kaiwa sosai, don haka magani ma da ƙyar yake isa, garkuwar jiki kuma ba ta da ƙarfi a can. Bakteriya kuwa nan ta samu wurin zama. A sauran jiki a share ta, a cikin ƙari ta hayayyafa.

Sai aka ce, tunda ta san hanya, a ɗora mata kaya. A 2016 ayarin Jeff Hasty na San Diego ya sauya ƙwayoyin halittar bakteriyar Salmonella da aka raunana yadda idan sun yi yawa sai su fashe gaba ɗaya, su zubar da maganin da suka haɗa a cikinsu, 'yan tsirarun da suka rage su sake yaɗo, a sake fashewa. A 2019 Tal Danino da Nicholas Arpaia na Jami'ar Columbia suka yi haka da E. coli, ƙari ya ja da baya. A jikin ɓeraye fa.

Wannan "ɓeraye" ita ce kalmar da masu tallar magani ba sa faɗa. Kindirmon da ake sayarwa a unguwar Kpébié ta Parakou yana da nasa bakteriya masu amfani ga ciki, amma ba wanda ya ɗora musu kaya, kuma ba sa narkar da kullutu a mama. Mai kullutu asibitin koyarwa na Borgou ya kamata ta nufa tun yana ƙarami.

A jikin mutane kuwa, gwajin da aka wallafa a Amurka a 2002, inda aka sa wa mutane Salmonella da aka raunana ta jijiya, bai rage ƙarin kowa ba. Ita kanta Nissle tana ɗauke da ƙwayoyin halittar da ke haɗa wani dafi, colibactin, mai iya lalata DNA, shi ya sa wasu masu bincike ke cire su kafin su yi aiki da ita.