WASAN RUMBU: YADDA AKE TAFIYAR DA SHI GA MUTUM 40

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiyar gama kai ya san inda magana takan cije, wato wurin biyan rance. Kaka ta yi, wani gida ya samu, wani bai samu ba, ma'aji yana jiran kuɗin taki, kowa ya sunkuyar da kai. Ƙungiyoyi da dama a nan suke watsewa, har zumuncin ikkilisiya ya taɓu. Saboda haka muka ga ya fi kyau mutane su fara yin wannan gardama a kan tsakuwa, tun ba su yi ta a kan buhunan gaske ba. Dalilin wasan da muke kai wa ƙungiyoyinmu na ƙasar Wudil ke nan, wanda muke kira Wasan Rumbu.

Koyarwa ta hanyar wasa ba mu muka fara ta ba. Tun cikin shekarun 1970 wani malamin Jami'ar Kambirij ta Ingila, Graham Chapman, ya shirya wasan da ake kira Green Revolution Game bisa zaman manoman Bihar ta ƙasar Indiya, domin masu ilmin boko su ɗanɗana abin da ƙaramin manomi yake sha. A 2008 kuma wani Ba'amurke, Matt Leacock, ya fitar da Pandemic, wasan da 'yan wasa ba sa cin juna, ko dai su ci gaba ɗaya, ko su faɗi gaba ɗaya. Wannan ne ya bambanta shi da dara da muka saba, inda sai wani ya ka da wani. Amma Pandemic na mutum 2 zuwa 4 ne. Mu kuwa mukan tarar da mutum 40 a farfajiyar majami'a, yawancinsu ba su taɓa ganin irinsa ba, waɗansu kuma ba su yi makaranta ba.

Ga yadda namu yake. Akan raba jama'a gida 8, kowane gida mutum 5. Tsakuwa ita ce buhun hatsi, ƙwayar wake kuɗi, murfin kwalba takin zamani, gonaki kuwa guntayen kwali ne, na tudu da na fadama. Kowane zagaye shekara ɗaya ce. Da bazara gida zai yanke abin da zai shuka, da ko zai ci rance. Da damina a zaro takarda daga ƙwarya, a ga ko ruwa ya yi, ko fari, ko ambaliya. Da kaka a girbe, a ware abincin gida, a biya bashi, a zuba wani abu a rumbun ƙungiya. In an cika shekara 6 ba gidan da ya sayar da gonarsa, duka an ci. In gida ɗaya ya rasa gona, duka an faɗi.

Tun kafin ranar, sai a je wurin fasto da dattawa da kayan wasan a hannu. Akwai masu ganin duk abin da ake zarowa da sa'a caca ne, kuma kada a raina wannan tsoro nasu. Shi ya sa ba mu amfani da karta, ba mu yarda kuɗin gaske ya hau tabarma ba, ko da kwabo ne. Kada kuma a sa wasan ranar Juma'a, gama ran nan kasuwar Wudil take ci, rabin mutanenku suna kara wajen shanu.

Da yammacin jajibere mukan zauna da mataimaka 4, mu buga wasan da su har su iya, kowane ya kula da gida 2. Aikin mataimaki shi ne lissafi da tuni, ba ya ba da shawara ko an roƙe shi.

Ranar wasa, kada a tsaya karanta dokoki. In ka yi minti 20 kana bayani, ka rasa mutane tun ba a fara ba, tsofaffi sun soma gyangyaɗi, mata sun tuna tukunya. A ɗauki gida ɗaya a buga shekarar farko a idon kowa, da shuka da girbi kaɗai. A shekara ta 2 a shigo da taki da rance. A ta 3 a buɗe kasuwa, inda hatsi yake araha da kaka, ya yi tsada cikin Agusta. Sai a ta 4 za a sa takardun masifa a ƙwarya. Namu mun ba su sunayen da dattawa suka sani, farin 1973 da na 1984, da ambaliyar kogi. Mutanen bakin Kogin Wudil sun san cewa tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwan fadamarsu ba a hannun sama kaɗai yake ba, don haka wannan takarda ba ta bukatar dogon bayani.

Yanzu ga babbar matsalar, wadda kowane wasan haɗin kai yake da ita. Tun da yake nasara ta kowa ce, sai mutum ɗaya mai saurin lissafi, sau da yawa malamin makaranta ko magatakardan ƙungiya, ya fara faɗa wa kowane gida abin da zai yi. Da kyakkyawar niyya yake yi, kuma sau da yawa lissafinsa daidai ne. Amma kafin a jima sai ka ga mutum 39 sun naɗe hannu suna kallon mutum ɗaya yana wasa. To, ashe ba haka ƙungiyoyinmu suke mutuwa ba? Littafi yana hannun mutum ɗaya, ran da ya yi tafiya ko ya rasu, ba wanda ya san inda aka kwana.

Maganin da muke yi kashi uku ne. A cikin gida kowa da abin da yake riƙe, wani hatsi, wani kuɗi, wani gonaki, wani taki, wani kuma wakili ne, ba wanda zai taɓa na wani, kuma kowace shekara akan juya. Na biyu, gida ba ya magana da gida sai a taron wakilai, wanda aka ba minti 5, da an buga ƙarfe an tashi. Na uku, arzikin gidaje da ƙuri'a ake raba shi, har mai shanun noma ya sami kansa da gona ɗaya da baki 9 a gida. A ganinmu ya kamata mata su sami gidajensu dabam, aƙalla 2, domin in an gauraya su da mazansu sukan yi shiru, alhali kuwa su suka fi sanin kwana nawa buhu yake yi.

Sa'o'i 3 sun isa wasan. A sha ruwa, a kwashe tsakuwa, sa'an nan a zauna hira, kada kuwa a gajarta ta. A fara da gidan da ya fi shan wuya, a tambaye su a wace shekara suka so neman taimako, me kuma ya hana su. In an ga wani ya soma ambaton bashin gaske na maƙwabcinsa, shugaba ya tsai da shi nan take, a mai da magana kan gidan wasa. Abin da muke roƙon magatakarda ya rubuta ya kai taron ƙungiya na gaba tambaya ɗaya ce: in fari ya faɗa wa ɗan ƙungiya bayan ya ci rancen taki, wa zai yanke hukunci, da wane mudu kuma za a auna masa daga rumbu?