Kifin ado: Babban akwati ba sai da matata mai tsada ba

Masu kiwon kifin ado a gida kan zuba kuɗinsu wajen sayen babban akwatin gilashi, kafin a zo kan matatar ruwa aljihu ya bushe. Alhali ran kifin a hannun matatar yake.

Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da sinadarin amoniya, wanda guba ne. Bakteriyar da ke zaune a soson matata ce ke karya dafinsa, kuma a sabon akwati takan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ta yawaita. A wannan tsakanin ne kifi ke mutuwa. Don haka masu dabara ba sa jefar da tsohon soso, da shi suke ƙaura zuwa sabon akwatin.

Ana son matata mai famfo ta juya ruwan sau 4 a awa, wato lita 800 ga akwati mai lita 200. Ta waje mai kama da bokiti rufaffe ta fi ƙarfi, ta kuma fi tsada. Matatar soso, wadda ƙaramin famfon iska ke tuƙawa, ita ce mai araha, kuma biyu sun ishi lita 200 idan kifin bai cunkushe ba.

Inda ake yawan ɗauke wuta ma soson ya fi, domin famfon iska mai batir zai riƙe shi, ita kuwa rufaffiyar matata bakteriyarta kan fara mutuwa cikin 'yan awanni.

Wankin soson da ruwan akwatin ake yi, domin kulorin na ruwan famfo yana kashe bakteriyar.