Ɗaliban injiniya da na'urorin da ke sauƙaƙa ayyukan yau da kullum

A watan Maris na kowace shekara, ɗaliban ajin ƙarshe na tsangayar injiniya ta jami'ar Waterloo da ke lardin Ontario a ƙasar Kanada kan baje kolin na'urorin da suka ƙera domin kammala karatunsu. Wasu daga cikin waɗannan na'urori sun rikiɗe sun zama kamfanonin da aka saya da miliyoyin daloli, yayin da wasu da dama suka ƙare a ɗakunan ajiya.

Shi dai wannan aiki na kammala digiri, ana kiransa Capstone da Turanci, wato dutsen ƙarshe da magini kan ɗora a saman gini. Ɗalibai kan kasu rukuni-rukuni, galibi mutum uku zuwa biyar, su zaɓi wata matsala da ke damun jama'a, sannan su shafe watanni suna tsarawa da ƙerawa da kuma gwada abin da zai magance ta.

Mafarin tsarin

Ɗaya daga cikin makarantun da suka fara ɗaukar wannan salon koyarwa ita ce kwalejin Harvey Mudd da ke jihar Kalifoniya a Amurka, wadda a shekarar 1963 ta ɓullo da wani shiri da ta kwatanta da yadda ake horar da likitoci. Kamar yadda ɗalibin likita ke duba marar lafiya na gaske a ƙarƙashin kulawar malaminsa, haka aka buƙaci ɗalibin injiniya ya tunkari matsala ta gaske, wadda wani kamfani ko wata hukuma suka kawo.

A halin yanzu hukumar ABET da ke tantance kwasa-kwasan injiniya a Amurka ta sanya irin wannan aiki cikin sharuɗɗanta, haka ma takwararta ta Kanada. Sharaɗin bai tsaya ga na'urar ta yi aiki kawai ba. Wajibi ne ɗalibai su nuna cewa sun yi la'akari da tsadarta, da lafiyar wanda zai yi amfani da ita, da illarta ga muhalli, da kuma ƙa'idojin da doka ta gindaya.

Yadda na'ura ke sarrafa kanta

Akasarin waɗannan ayyuka sun shafi na'urori ne masu sarrafa kansu, kuma kusan dukkansu sassa uku gare su. Akwai sashen da ke aunawa, kamar ma'aunin zafi ko na haske ko na zurfin ruwa. Akwai sashen da ke yanke hukunci, wanda yawanci wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce da aka rubuta wa umarni. Sai kuma sashen da ke aikatawa, kamar mota mai juyawa ko makunnin lantarki ko sakatar ƙofa.

Tankin ruwa na gida kyakkyawan misali ne. Ma'auni kan sanar da kwamfuta inda ruwa ya kai, ita kuma ta kunna famfo idan ya yi ƙasa, ta kashe shi idan tanki ya cika. To amma idan aka sanya iyaka guda ɗaya tak, famfon zai riƙa kunnuwa yana mutuwa a duk lokacin da ruwan ya ɗan motsa, har injinsa ya ƙone. Saboda haka ake sanya iyaka biyu, ɗaya a can ƙasa domin kunnawa, ɗaya kuma a sama domin kashewa.

Bayan haka akwai tambayar abin da zai faru idan rijiyar ta ƙafe alhali famfo yana juyawa, ko kuma idan ma'aunin kansa ya lalace ya ci gaba da nuna cewa tanki bai cika ba. Irin waɗannan tambayoyi ne malamai suka fi matsa wa ɗalibai a kai ranar kare aikinsu, domin a nan ne ake bambance injiniya da wanda ya harhaɗa wayoyi kawai.

Abin da ya ƙara yawan irin waɗannan ayyuka shi ne faɗuwar farashin kayan haɗi. A shekarar 2005 aka ƙirƙiro allon Arduino a wata makarantar koyon zane da ƙira da ke garin Ivrea na ƙasar Italiya, musamman domin ɗaliban da ba su ƙware a fannin lantarki ba. A shekarar 2012 kuma aka fitar da 'yar kwamfutar Raspberry Pi a Birtaniya a kan dala 35. Aikin da a da sai babban ɗakin gwaji, yanzu ɗalibi na iya somawa a kan teburin ɗakin kwanansa.

Akwatin karɓar saƙo

Matsalar da wasu ɗaliban Waterloo uku, wato Mike McCauley da Jay Shah da Aditya Bali, suka zaɓa ƙarama ce a ido. Mutum kan sayi kaya ta intanet, mai kawo saƙo ya zo ya tarar ba ya gida, sai a koma da kayan, shi kuma ya shiga neman inda aka kai su.

Maganin da suka kawo shi ne wata babbar durowar ƙarfe mai ƙofofi da yawa, wadda ake kafawa a wurin da jama'a ke yawan wucewa. Mai saye zai ba da adireshin durowar a madadin na gidansa. Da zarar an sanya kayan a ciki, sai a aiko masa da wata lambar sirri ta imel, wadda sau ɗaya kawai take aiki. Idan ya danna lambar, ƙofar da kayansa ke ciki ita kaɗai ce za ta buɗe.

Sun kafa kamfanin BufferBox a shekarar 2011, aka kuma fara girke durowoyin a tashoshin jiragen ƙasa na yankin birnin Toronto. A watan Nuwamban 2012 kamfanin Google ya saye shi, a kan kuɗin da kafofin yaɗa labaran Kanada suka ce ya kai dalar Amurka miliyan 17. Sai dai kuma a shekarar 2014 Google ɗin ya rufe shi baki ɗaya.

Agogon da ke karanta saƙon waya

Shi kuwa Eric Migicovsky, tunanin ya zo masa ne lokacin da ya je ƙaro karatu a birnin Delft na ƙasar Holan, inda yake yawan zirga-zirga a kan keke, ga shi kuma ba dama ya ciro waya daga aljihu ya duba wanda ya aiko masa da saƙo. Da ya koma Waterloo sai ya mayar da wannan damuwa aikinsa na ƙarshe, wato agogon hannu da ke nuna saƙonnin da suka shigo waya.

A shekarar 2012 ya nemi jama'a su tallafa masa da dala 100,000 ta shafin Kickstarter domin ƙera agogon Pebble. Mutane kusan 69,000 ne suka amsa kiran, suka tara fiye da dala miliyan 10. Amma bayan da manyan kamfanoni irin su Apple suka shigo kasuwar da nasu agogon, Pebble ya kasa jurewa, kuma a watan Disamban 2016 kamfanin Fitbit ya sayi fasaharsa. A shekarar 2025 Google, wanda ya riga ya mallaki Fitbit, ya saki manhajar agogon kyauta ga kowa, lamarin da ya ba Migicovsky damar sake komawa ga ƙera shi.

Abubuwa biyu ne ake yawan dangantawa da nasarar ɗaliban wannan jami'a. Na farko, kowane ɗalibin injiniya kan yi watanni huɗu a aji, sannan ya yi watanni huɗu yana aiki ana biyansa albashi a wata masana'anta, ta yadda kafin ya kammala zai iya tara ƙwarewar aiki ta kusan shekaru biyu. Na biyu, dokar jami'ar ta tanadi cewa wanda ya ƙirƙiri abu shi ne mai shi, saɓanin jami'o'i da yawa da ke riƙe haƙƙin mallakar abin da aka ƙirƙira da kayan aikinsu. Da wannan ɗalibi na iya fita da aikinsa ya nemi masu zuba jari ba tare da shamaki ba.

Numfashin jarirai a Malawi

Ba dukkan ayyukan ne ake auna nasararsu da kuɗi ba. A shekarar 2010 wasu ɗaliban jami'ar Rice da ke birnin Houston a Amurka sun tunkari matsalar bakwaini da huhunsu bai gama ƙwari ba. A ƙasashe masu arziki akwai na'urar da ke tura musu iska a hankali ta hanci domin kada huhun ya manne, amma kuɗinta ya kai kimanin dala 6,000.

Ɗaliban sun yi amfani da irin famfon da ke tura iska cikin akwatin kiwon kifi na ado, tare da wata kwalbar ruwa. Zurfin da bututu ya nutse a cikin ruwan shi ne ke ƙayyade ƙarfin iskar da ke shiga huhun jariri. An sanya wa na'urar suna Pumani, daga kalmar numfashi a harshen Chichewa, kuma kuɗinta bai kai dala 1,000 ba.

An gwada ta a asibitin Sarauniya Elizabeth da ke birnin Blantyre, inda sakamakon binciken da aka wallafa a shekarar 2014 ya nuna cewa kashi 71 cikin 100 na jariran da aka sanya wa na'urar sun rayu, idan aka kwatanta da kashi 44 cikin 100 na waɗanda aka ba iskar oksijin kawai. Kafin a kai ga haka sai da aka shafe shekaru ana gyara ƙirar tare da likitoci da ma'aikatan jinya na Malawi. Daga bisani aikin ya shiga cikin wani babban shiri mai suna NEST360, wanda Najeriya na cikin ƙasashen da ya shafa.

Halin da ake ciki a Najeriya

A jami'o'in Najeriya ma ɗalibin injiniya ba ya karɓar digiri sai ya gabatar da aikin kammalawa a shekararsa ta biyar, bayan ya yi watanni shida na sanin makamar aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ya ƙaddamar a shekarar 1973.

Matsalolin ƙasar su ne ke bayyana a cikin ayyukan. Daga cikin waɗanda aka fi yawan gani akwai na'urar kula da tankin ruwa, da fitilar titi mai kunna kanta da magariba, da kuma makunnin da ke sauya gida daga janareto zuwa wutar gwamnati da zarar an kawo ta. Shi wannan makunni yana buƙatar taka-tsantsan ƙwarai, domin idan aka bari hanyoyin biyu suka haɗu ko da na ɗan lokaci ne, janareto na iya ƙonewa, ko kuma wutarsa ta bi layi ta halaka ma'aikacin da ke gyara a kan turken lantarki.

Sau da yawa ɗalibi ne da iyayensa ke ɗaukar nauyin sayen kayan haɗin, kuma da zarar an ba da maki sai a ajiye na'urar ta yi ƙura. Tsakanin samfurin farko da abin da za a kai kasuwa akwai gwaje-gwaje masu yawa, da neman amincewar hukumomi, da jarin ƙera ɗaruruwa a lokaci guda, da kuma wanda zai gyara idan ta lalace a hannun mai saye. A Waterloo da Rice, bayan ranar kare aiki ne aka fara wannan ɗawainiya, kuma shekaru ta ɗauka kafin na'urorin su kai hannun jama'a.