Wa ke komawa ya duba ko yaro ya sha maganin?

Bara da na tafi SIWES, an tura ni ofishin wata ƙungiya da ke taimaka wa rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina. Da yawanku kun san shi: masu rabo suna bi gida-gida sau ɗaya a wata, suna ba yara daga masu wata 3 zuwa masu wata 59. Ranar farko yaro ya sha a gabansu, sauran ƙwayoyi biyu a bar wa uwa ta ba shi gobe da jibi. Ni dai aikina shigar da alƙaluma a kwamfuta, kuma a takarda komai fes, kowace unguwa ta cika. Rannan sai shugabar sashenmu ta ce in rufe kwamfutar nan in biyo ta.

Mun shiga wani gida da masu rabo suka wuce tun kwana huɗu. Uwar ta miƙo kati, an yi alama a ko'ina. Shugabar tawa ta ce, "Maman yara, don Allah ko za mu ga kwalin maganin?" Ta ciro shi daga cikin wani kwano, ƙwayoyin nan biyu suna zaune daram. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ai amai ya yi ranar farko, shi ne na ajiye sai in zazzaɓin ya zo." Wallahi jikina ya yi sanyi, don da hannuna na rubuta yaron nan cikin waɗanda aka kare.

Wannan komawa da muka yi sana'a ce guda, har farfesoshi take da su. Sunanta tantance tasirin shiri, kuma daban take da gwajin magani. Mai gwajin magani yana tambaya ne: in an sha shi yadda ya kamata, yana aiki? Mai tantance shiri kuwa tambayarsa ita ce: yanzu da aka damƙa shi hannun gwamnati da ma'aikata da iyaye, ga hanya ta lalace, ga alawus ya makara, har yanzu yana aiki? Ga wa, kuma a kan nawa?

Da na fara bin diddigin abin, sunan mutum ɗaya ya yi ta fitowa: Farfesa Brian Greenwood, likita ɗan Ingila. Ya zo asibitin koyarwa na Ibadan a 1965, ya koma Zariya a 1970, inda ya yi shekara goma yana taimaka wa kafa makarantar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana kuma binciken sanƙarau. A 1980 ya tafi Gambiya ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta MRC har shekara 15, daga nan ya koma koyarwa a Landan.

A Gambiyar ne aka yi abin da ya fi burge ni. An tsoma gidajen sauro cikin maganin kashe ƙwari a wasu ƙauyuka, aka riƙa ƙirga yaran da suka rasu. Sakamakon da ya fito a 1991 ya nuna mace-macen yara 'yan shekara 1 zuwa 4 sun ragu da fiye da kashi 60 cikin 100. Da wasu ne, nan za a yi walima a rufe fayil. Amma da gwamnatin Gambiya ta mayar da abin shirin ƙasa a 1992, masu binciken sun sake bin sa, yanzu da yake hannun ma'aikatan lafiya na yau da kullum. Ragin da suka samu kashi 25 ne, a tsakanin yara 'yan shekara 1 zuwa 9. Shekarun ba ɗaya ba ne, don haka ba a jera alƙaluman biyu kai tsaye, amma dai tazarar ta isa ta sa mutum tunani. Cikin yankuna biyar da aka sa wa ido, akwai ɗaya da ba a ga ragi ba sam, kuma can ne mutane ba su cika kwana cikin gidan sauron ba. Bayan nan aka ce kowa ya biya ɗan kuɗin tsomawa, sai yawan masu tsomawa ya faɗi warwas. Gidan sauron bai canza ba fa, maganin ma haka. Ba don an koma an ƙirga ba, da rahoto zai ci gaba da cewa shiri yana tafiya lafiya lau.

Rabin aikin irin waɗannan malamai ke nan. Ɗaya rabin shi ne renon masu bincike, kuma ba a allo ake yin sa ba. Ana ɗaukar matashin likita ko masanin dakin gwaje-gwaje a sa shi cikin bincike na gaske: ya rubuta tsarin aiki, ya kare shi gaban kwamitin ɗa'a, ya koyi neman yardar uwa da harshenta ba tare da ya ruɗe ta ba, ya sha jan biro a rubutunsa har ya gaji. Pedro Alonso, wanda ya ja ragamar gwajin gidan sauron yana matashi, daga baya shi ya shugabanci shirin yaƙi da maleriya na Hukumar Lafiya ta Duniya. A Landan ma Greenwood ya jagoranci wani shiri da Gidauniyar Gates ta ɗauki nauyi daga 2000, wanda ya tallafa wa 'yan Afirka yin digirin digirgir. Shi kansa maganin daminan da na yi wa aiki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, yana cikin waɗanda suka yi gwaje-gwajensa. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani kan muhimmancin wannan horo ba. Gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya ishe mu.

To, ina mu 'yan difloma a ciki? Ba zan yi muku daɗin baki ba, gwajin magani kan mutane galibi likitoci ne ke jagorantarsa. Amma babu binciken da ke tsayawa ba tare da mai tsara takardar tambayoyi, mai kula da samfurin jini, da mai tace alƙaluma ba, kuma nan ne 'yan ƙididdiga, SLT, kwamfuta da masu adana bayanan lafiya suke shiga. Tantance shiri ma ba dole sai likita ba. Hanyarmu ce dai ta fi tsawo: bayan ND a yi IT na shekara, a yi HND, yawanci sai an haɗa da PGD kafin a ba mutum gurbin digiri na biyu. Yana ba ni haushi, amma haka tsarin yake a yanzu.

Ni dai na canza taken furojet ɗina. Da na so in yi nazarin alƙaluman da ofis ya tara ne, abin da zan gama cikin sati biyu ina zaune. Yanzu gidaje zan bi a unguwarmu bayan zagayen rabo, kuma tambaya ta farko a takardata ita ce a nuna mini kwalin. Malamin da ke duba ni ya sa hannu, da sharaɗin sai na kawo masa izinin mai unguwa da amincewar kwamitin ɗa'a kafin in yi sallama a gida ko ɗaya.