Mura daga ina take zuwa?

Yara, kun san akwai Hausawa da yawa a ƙasar Sudan? Kakanninsu sun tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato za su Makka a ƙasa, wasu suka zauna a hanya. Jikokinsu na nan a Khartum da Omdurman, inda farin kogin Nilu ya haɗu da shuɗin.

A can ma ana yin ɗari a watan Disamba da Janairu. Gab da damina kuma akwai wata guguwar ƙura mai rufe gari, ana ce mata habub. In yaro ya fara atishawa, sai tsofaffi su ce iska ce ta buge shi. Haka muke faɗa a Maradi lokacin hunturu. Larabawan Sudan na ce wa ciwon nazla, Faransawa su ce rhume, mu kuwa mura.

To, ba iska ke kawo ta ba. Wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, sunansu birus. Masu sa mura sun fi iri 200, shi ya sa yaro kan yi ta sau 6 ko 8 a shekara. Ƙura da sanyi suna busar da hanci ne, su sauƙaƙa wa ƙwayar shiga. Kuma da ɗari muna cunkushewa cikin aji, tagogi a rufe.

Ku duba yadda take tafiya. Mai mura ya fyace majina da yatsu, ya ɗauki alli. Kai ka karɓi allin, ka sosa ido. Bayan kwana 2, ga ka da majina! Na sha ganin haka a makarantun da nake zagayawa, har malam bai tsira ba.

Don haka in atishawa ta zo, ka tare ta da mushuwar ko da gwiwar hannu. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka sa shi cikin kwanon tuwo. Kada ku sha ruwa da moɗa guda.

Mura kan wuce cikin kwana 7 zuwa 10. A Sudan ana shan shayi mai citta da lemon tsami. Abin sha mai ɗumi na sanyaya maƙogwaro, amma ba ya kashe birus. Kafso na ƴan tebur ma ba ya kashe shi. Hutu da shan ruwa sun fi.

Amma in ƙanenka na numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya ƙi nono, ka gaya wa inna a kai shi likita ranar nan.