Yadda ake cike ramin guringuntsin gwiwa da ƙwayoyin halittar jikin mai gwiwar

Idan ƙashi ya karye, ana ɗora shi ya haɗe. Idan fata ta yanke, takan warke ta bar tabo. Amma guringuntsin da ke lulluɓe da kan ƙasusuwan gwiwa, idan ya ɓantare, ramin yakan zauna yadda yake, wani lokaci ma ya ci gaba da faɗi. Tun a shekarar 1743 likitan nan ɗan Birtaniya William Hunter ya rubuta cewa guringuntsi idan ya lalace ba ya komawa daidai, kuma an yi fiye da shekara 200 ana kan wannan fahimta. Yau akwai fasahar da ke ɗibar ƙwayoyin halitta daga gwiwar majiyyaci, a rene su a ɗakin gwaje-gwaje su yi yawa, sannan a mayar da su su cike ramin.

Me ya hana guringuntsi warkewa?

Guringuntsin gwiwa farin shimfiɗa ne mai santsi, kaurinsa milimita 2 zuwa 4, wanda ke hana ƙashin cinya da na ƙwauri da ƙoƙon gwiwa gogar juna. Yawancinsa ruwa ne da wani furotin mai kama da zare da ake kira kolajen. Ƙwayoyin halittar da ke cikinsa 'yan kaɗan ne, kowace a kulle a ɗan gurbinta, ba ta iya matsawa zuwa inda aka ji rauni.

Babbar matsalar ita ce babu jijiyoyin jini a cikinsa. A sauran sassan jiki, jini ne ke kai kayan gyara wurin rauni. Guringuntsi kuwa daga ruwan da ke cikin gaɓar yake tsotsar abincinsa. Don haka matashin da ya murɗe gwiwa a filin ƙwallo, ko ya faɗi a kan babur wani yanki ya ɓalle, zai iya shekara da shekaru yana fama da kumburi, da ciwo wajen hawa bene ko durƙuso, da gwiwar da ke maƙalewa. Idan aka bar ramin, gefensa na iya ci gaba da zaizayewa har ya kai ga amosanin gaɓa tun mutum yana da sauran ƙarfinsa.

Daga Suwidin aka faro

A shekarar 1987, likitan ƙashi Lars Peterson da abokan aikinsa, cikinsu har da Mats Brittberg da Anders Lindahl, suka fara yi wa ɗan Adam wannan aiki a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin. A 1994 suka wallafa sakamakon majiyyata 23 a mujallar New England Journal of Medicine. Waɗanda raminsu ke kan ƙashin cinya sun fi samun sauƙi fiye da waɗanda nasu ke bayan ƙoƙon gwiwa.

A wancan salon na farko, ana yanko tantanin da ke lulluɓe da ƙashin ƙwauri, a ɗinke shi a bakin ramin kamar murfi, sannan a ɗura ruwan ƙwayoyin a ƙarƙashinsa da allura. Ɗinkin yana da wahala, kuma tantanin kan yi girma fiye da kima har sai an sake shiga an rage shi. Duk da haka, a 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da samfurin Carticel na kamfanin Genzyme, wanda aka gina a kan wannan salo.

Yadda ake yin aikin yanzu

Tiyata biyu ake yi. A ta farko, likita yana zura siririyar na'ura mai kyamara ta ƙaramar ƙofa, ya auna ramin, ya yanko ɗan guringuntsi mai lafiya, miligiram 200 zuwa 300, daga gefen da nauyin jiki bai cika sauka a kansa ba.

A ɗakin gwaje-gwaje ana narkar da wannan yanki da wani sinadari domin ƙwayoyin su fito daga gurabensu. Sai a zuba su a cikin ruwa mai ɗauke da abincinsu, a ajiye su a ɗumi daidai da na jikin mutum, su yi ta rabuwa na tsawon makonni har su kai miliyoyi. Nan ne ake buƙatar kulawa sosai, domin idan aka daɗe ana renonsu sukan fara manta aikinsu na asali, su daina samar da irin kolajen da guringuntsin gaɓa ke buƙata. Kafin a fitar da su sai an tabbatar suna raye, kuma babu ƙwayar cuta a cikinsu.

A tiyata ta biyu, likita yana kankare ramin har bakinsa ya zama tsaf, sannan ya dasa ƙwayoyin. A samfurin MACI na kamfanin Vericel, wanda FDA ta amince da shi a Disamban 2016, ana shimfiɗa ƙwayoyin a kan wani siririn tantani na kolajen, aƙalla 500,000 a kowace murabba'in santimita. Likita ya yanke tantanin daidai da siffar ramin, ya manna shi da gam na musamman da ake yi daga sinadaran daskarar jini. A hankali jiki yana narkar da tantanin, ƙwayoyin kuma su gina sabon nama.

Daga jikin alade ake samo kolajen ɗin tantanin MACI, abin da majiyyaci ke da haƙƙin sani kafin ya sa hannu. Akwai kuma wata hanyar: samfurin Spherox na kamfanin CO.DON na Jamus, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2017. A nan ƙwayoyin ne da kansu ke dunƙulewa su zama ƙananan curi masu manne wa ƙasan ramin, ba tare da tantanin dabba ba. Tun da ƙwayoyin na majiyyacin ne, jiki ba ya yaƙar su, kuma ba a buƙatar magungunan danne garkuwar jiki irin na dashen ƙoda.

Ya fi tsohuwar hanya?

Tsohuwar hanyar da aka fi sani ita ce wadda likita Richard Steadman na Amurka ya yaɗa: a huda ƙananan ƙofofi a ƙashin da ke ƙasan ramin, jini da ɓargo su fito su daskare su cike shi. Tiyata ɗaya ce, mai sauƙin kuɗi, amma naman da ke fitowa ya fi kama da tabo, kuma yakan fara zaizayewa bayan 'yan shekaru, musamman a babban rami.

A gwajin SUMMIT da aka yi a Turai kan majiyyata 144 masu rami mai faɗin murabba'in santimita 3 ko fiye, waɗanda aka yi wa MACI sun fi samun raguwar ciwo da ingancin motsi bayan shekara biyu, kuma tazarar ta ci gaba har shekara biyar. A ƙananan ramuka kuwa, huda ƙashi na nan da amfaninsa.

Wa ya dace da shi?

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Wannan aiki kamar cike rami ɗaya ne a titin da sauransa ke da kyau. Titin da kwaltarsa ta gama tashi gaba ɗaya, faci ba ya yi masa magani. Dattijon da amosanin gaɓa ya cinye masa gwiwa ba zai amfana ba, domin babu lafiyayyen gefe da sabon naman zai kama.

A 2017 hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar a yi aikin ne idan ramin ya wuce murabba'in santimita 2, amosanin gaɓa bai yi nisa ba, ba a taɓa yin wata tiyatar gyaran guringuntsi a gwiwar ba, kuma a babban asibitin ƙwararru. Idan ƙafar ta karkace, ko wata jijiyar da ke riƙe gwiwa ta tsinke, sai an gyara su, in ba haka ba sabon naman zai murƙushe.

Haƙurin da ke biyo baya

A makonnin farko sabon naman yana da laushi ƙwarai. Majiyyaci yakan yi kimanin mako shida yana dogara sanda, ana lanƙwasa gwiwar a hankali ƙarƙashin kulawar masu gashin ƙashi, domin motsi ne ke kai wa ƙwayoyin abinci. Gudu sai bayan watanni da dama, komawa ƙwallo kuwa yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wasu dashen ba ya kamawa, wasu ya ɓalle, a sake tiyata.

Tsadar aikin ma babba ce, domin kowane majiyyaci sai an rena masa nasa ƙwayoyin daban. Samfurin ChondroCelect, wanda Turai ta amince da shi a 2009, an janye shi daga kasuwa a 2016 saboda dalilan kasuwanci. Saboda haka duk wanda aka yi wa tallar allurar "ƙwayoyin halitta" da za ta sabunta gwiwa a zama ɗaya, ya tambayi faɗin raminsa a hoton MRI, da sunan samfurin, da hukumar da ta amince da shi, kafin ya biya ko sisi.