Kuɗi, Zumunci da Kwanciyar Hankali: Me Masana Suka Gano Kan Farin Ciki Mai Ɗorewa?

Duk wanda ke cin kasuwar Ƙonni da Illela, ko Ɗan Isa da Jibiya, bai manta da watan Agusta na 2019 ba, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa sai a watan Disamba na 2020 ta fara buɗe su. Haka aka sake shiga wani hali bayan juyin mulkin Yuli 2023 a Nijar, har zuwa Maris 2024. Kaya sun ruɓe a cikin motoci, jari ya karye, bashi ya hau kan mutane. Amma a rumfa guda sai ka ga mutum biyu, asararsu ɗaya, ɗaya ya rame ya daina barci, ɗaya kuwa yana gaisawa da mutane da fara'a. Me ya bambanta su?

Wannan tambaya ce wasu masana halayyar ɗan Adam suka shafe shekaru suna bincike a kanta. A 1998 Farfesa Martin Seligman na Jami'ar Pensilbaniya ya zama shugaban ƙungiyar masana wannan fanni ta Amurka. Ya ce iliminsu ya daɗe yana duba cuta da damuwa kawai, lokaci ya yi da za a binciki abin da ke sa rayuwar mutum ta yi kyau. Daga nan wannan reshe na ilimi ya kafu. A 2011 ya lissafa ginshiƙai biyar: jin daɗi a zuci, duƙufa cikin aikin da mutum ya iya, kyakkyawar hulɗa da mutane, sanin cewa rayuwa tana da manufa, da cim ma abin da aka sa gaba.

Kuɗi na da nasu rabo

Kada mai karatu ya ɗauka masanan nan suna raina kuɗi. A 2013 an wallafa wani bincike kan manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. An yi musu gwajin tunani kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe, aka sake yi bayan an biya su. Mutanen dai su ne, amma kafin girbi sun fi yin kuskure. Masu binciken suka ce tunanin bashi da cefane yana cinye wani kaso na hankalin mutum. A yammacin Kenya kuma, wani bincike na 2016 ya nuna cewa iyalai matalauta da aka ba kuɗi hannu, ba tare da sharaɗi ba, damuwarsu ta ragu, gamsuwarsu da rayuwa ta ƙaru.

A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton sun ce jin daɗin yau da kullum na Amurkawa yana daina ƙaruwa idan abin da mutum ke samu ya kai kimanin dalar Amurka 75,000 a shekara. A 2023 Kahneman da Matthew Killingsworth suka sake duba alƙaluman, suka gyara maganar: ga mafi yawan mutane jin daɗi na ci gaba da ƙaruwa da samu, amma waɗanda suka fi kowa baƙin ciki akwai iyakar da ƙarin kuɗi ba ya yi musu magani.

Zuciya na sabawa

Matsalar ita ce sabo. A 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa sun tambayi mutum 22 da suka ci manyan kuɗi a tambola a jihar Ilinoi. Farin cikinsu bai ɗara na waɗanda ba su ci ba da wani abin kirki, kuma ƙananan abubuwa kamar hira da aboki ko karin kumallo sun rage yi musu daɗi.

Ɗan kasuwa ya san wannan ba sai an gaya masa ba. Mai talla yana burin tebur. Ya samu tebur, sai shago. Ya samu shago, sai ya hangi mai tirela. Kowane mataki daɗinsa na ƴan watanni ne, daga nan ya zama abin yau da kullum, ido ya koma kan maƙwabci. Neman ci gaba ba laifi ba ne, amma wanda ya jingina farin cikinsa duka a kan ciniki, ranar da aka rufe iyaka ko naira ta faɗi babu abin da zai riƙe shi.

Shekara 80 ana bin mutane

Bincike mafi tsawo a wannan fanni shi ne na Jami'ar Harvard, wanda aka fara a 1938 da ɗalibai maza 268, daga baya aka haɗa da yara 456 na unguwannin talakawa a birnin Boston. An bi su tun suna samari har tsufa, ana duba lafiyarsu, aurensu da sana'arsu, sannan aka shigo da matansu da ƴaƴansu. Shugaban binciken, Robert Waldinger, ya bayyana cewa waɗanda suka fi gamsuwa da zamansu da mutane suna da shekara 50 su ne suka fi lafiya da suka kai 80. Kaɗaici kuwa yana tafiya tare da saurin lalacewar lafiya.

A nan ya kamata fatake su tsaya su yi tunani. Mutum ya yi wata biyu tsakanin Kwatano da Maraɗi, ya dawo gida da tsaraba amma babu lokacin zama da iyali. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Abokin ciniki na amana, maigidan da ke saukar da kai a baƙon gari, ƴan adashi da kuke taimakon juna, waɗannan jari ne da duwan ba ta iya kamawa.

Kyauta da godiya

A 2008 Elizabeth Dunn da abokan aikinta a Kanada sun ba mutane kuɗi kaɗan da safe, wasu aka ce su kashe wa kansu, wasu su kashe wa wani. Da yamma waɗanda suka kashe wa wani sun fi jin daɗi, kuma yawan kuɗin bai canza komai ba. Wani bincike na 2013 da ya haɗa ƙasashe 136 ya sami alaƙa tsakanin bayarwa da farin ciki a mafi yawansu, masu arziki da matalauta.

A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough sun sa wasu ɗalibai su riƙa rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu kowane mako, wasu kuma su rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai. Bayan mako goma, ƴan godiya sun fi gamsuwa da rayuwarsu, sun fi kyakkyawan zato ga abin da ke tafe.

Gaskiya ne yawancin waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a kan Turawa, kuma amfanin irin waɗannan dabaru kaɗan-kaɗan ne, sai an lizimce su. Ba sa biyan bashi, ba sa buɗe iyaka. Wanda baƙin ciki ya hana shi barci da cin abinci har makonni, wannan ciwo ne, likita ya kamata ya gani, ba a ce masa ya yi haƙuri kawai ba.

Duk da haka, akwai abin da ke hannun kowa. A rage bashin da ke hana barci kafin a ƙara kaya. A ware ranar da ba ta kasuwa ba ce don iyali. A fitar da wani abu komai ƙanƙantarsa ga ɗan dako ko yaron shago. Da dare kuma, bayan an gama lissafin ciniki, a yi lissafi na biyu: yau wa ya kyautata mini, ni kuma wa na kyautata wa?